Kunne kafin sifana: tarihin Fijo da kanikawan da suka riƙe ta a ƙasar Maraɗi

Duk wanda ya haura shekara arba'in a tsakanin Gidan Rumji da Gazawa ya san zamanin da in an ce motar kasuwa, to Peugeot ake nufi, wadda bakinmu ya mayar Fijo. Akwai 404, kat-san-kat, musamman mai buɗaɗɗen baya da tamfol, wadda a nan muke ce wa bashe, mutanen Katsina da Kano kuma su ce a-kori-kura. Akwai ƙanwarta 504, doguwa mai layin kujeru uku. Su ne suka yi ta jigilar gero da wake da awaki da mata masu naƙuda daga Cadakori zuwa Maraɗi shekara da shekaru. Yau an fi ganinsu a bayan garaji, bisa duwatsu, kaji na ƙwai a cikinsu.

In ana hirarsu, maganar da aka saba ji ita ce ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Motar da aka ƙera don mutum biyar ba ta shekara talatin tana ɗaukar mutum goma sha biyar da kayansu a cikin rairayi sai da wanda ya tsaya mata. Waɗanda suka tsaya mata su ne kanikawa, yawancinsu ba su taɓa zama a benci ba, amma sun gina wata hanya ta gane ciwon bwat da pon tun kafin su taɓa sifana. A ganina wannan hanya ilimi ce cikakkiya, kuma mu malamai da iyaye mun raina ta fiye da kima.

Kamfanin Peugeot ya fitar da 404 a 1960 daga masana'antarsa ta Sosho a gabashin Faransa, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai. 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. Gidan zanen nan na Italiya, Pininfarina, wanda ya shekara da shekaru yana zana jikin motocin Ferrari, shi ya zana su duka biyun. Kuma motar nan da muke loda wa buhuna ƴar gidan tsere ce. A gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi a Kenya da maƙwabtanta, 404 ta zo ta ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1963 motoci bakwai kaɗai suka kai ƙarshen tafiyar, haka ma a 1968. Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci Safari da 504 a 1975. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari, ya kuma ci gasar Bandama ta Kodibuwa, da wata 504 mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida, irin wadda masu tara tsofaffin motoci a Turai ke rububinta yanzu. Waɗannan gasanni ba na gudu zalla ba ne. Wanda giyarsa da ƙafafunsa na baya suka jure laka da gargada da duwatsu shi ke isa. Tsarin ƙarƙashin waccan mota mai ƙofa biyu iri ɗaya ne da na 504 da ake gani a tasha: inji a gaba, bwat a bayansa, sanda mai juyi a cikin bututu, pon a baya.

Motocin sun iso mana ta hanyoyi dabam-dabam. Na farkon sun zo ne a zamanin gyaɗa, lokacin da kuɗi suka fara zama a hannun alhazan Maraɗi, musamman bayan kafa SONARA a 1962. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, amma ciniki da Najeriya ya bunƙasa, kuma a daidai lokacin nan, a 1975, masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas, a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan daga Liyon zuwa Kano, sannan a ɗauke su a mota zuwa Kaduna. Daga nan 504 ta cika arewacin Najeriya, kuma abin da ya cika Katsina ba ya daɗewa bai tsallako Jibiya da Ɗan Isa ba. Akwai kuma ta hamada: matasan Turawa su sayi tsohuwar Fijo da araha, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasat da In Gezam, su shigo Asamaka da Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida a jirgi da kuɗin. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, da tawaye ya tashi a arewa, yaƙi kuma ya ɓarke a Aljeriya.

Shi ya sa harshen garajin Maraɗi ya zama tagwaye. Makaniki ɗaya zai ce bwat da safe ya ce giya da yamma. Zai ce ambiriyaji ya ce kuloci, ya ce rulma ya ce boris, ya ce kardan ya ce farfela, ya danganta da wanda ya kawo motar da kuma kasuwar da za a aika yaro neman kaya. Ni a nan zan gauraya su kamar yadda su ma suke yi.

Don wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba: inji yana juyi da sauri amma ƙarfinsa kaɗan ne a kan nauyin mota. Ambiriyaji shi ke haɗa inji da bwat ko ya raba su. Bwat akwati ne na ƙafafun ƙarfe masu haƙora, yana rage saurin ya mayar da shi ƙarfi. Daga nan doguwar sanda ta kai juyin baya, pon ya karkatar da shi zuwa tayoyi biyu, ya kuma bar ɗaya ta fi ɗaya gudu in an sha kwana. Duka waɗannan a rufe suke, ido ba ya ganin cikinsu. Sauke bwat ɗin 504 kuwa ba wasa ba ne, saboda bututun nan da ya ɗaure shi da pon. In aka sauke shi a banza, direba ya rasa kasuwa biyu ko uku, ya biya kuɗin hannu, ciwon kuma yana nan inda yake.

Wani tsohon makaniki a Maraɗi, wanda ya fara aiki tun zamanin 404, ya taɓa ce mini: "Mushe, mota tana da bakin magana muddin tana tafiya. Ranar da ka kwance ta, ka kori shaidunka, saura gawa a gabanka." Na ce, "To Baba, da me kake fara tambayarta?" Ya ce da direba tukuna. Yaushe ƙarar ta fara, da kaya ko ba kaya, da sanyin safiya ko bayan ta yi zafi, wa ya zuba mai na ƙarshe, kuma an kafe a yashi kwanan nan? Sai bayan nan ya shiga motar.

Tambayar da ake fara yi wa motar ita ce: ƙarar inji take bi ko taya? A tsaye, giya a furi, a taka totur. In ƙarar ta hau tare da inji, to matsalar tana gaba, tsakanin inji da bakin bwat. In shiru, a hau hanya, a kai gudun da ƙarar ke fitowa, a mayar da giya furi a bar motar ta gangara da kanta. Inji ya sauka, amma ƙarar tana nan tana bin gudun mota? To an wanke inji da ambiriyaji, bincike ya koma baya. Da gwaji ɗaya an raba mota gida biyu.

Sai ƙafar hagu. Mota na tsaye inji na aiki, akwai gurnani, ka taka ambiriyaji ya ɓace: boris ɗin sandar da ke shiga bwat ne, don taka ambiriyaji ya tsayar da ita. In kuma akasin haka ne, shiru sai ka taka sannan kuka ya fito, to ƙaramin boris ɗin da ke danna ambiriyajin ne, wanda suke kira bute. Kuka iri ɗaya ne a kunnen wanda bai sani ba, amma kuɗin gyaran ba su yi kusa da juna ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin giya ta huɗu. A bwat ɗin 504 mai giya huɗu, ta ɗaya da ta biyu da ta uku duk sai ƙarfi ya biya ta wata sanda ta gefe kafin ya fita. A ta huɗu kuwa sandar shiga da ta fita ake ɗaurewa su zama ɗaya, ƙarfi ya wuce kai tsaye. Saboda haka in mota tana kuka a giya uku na farko, ta yi shiru a ta huɗu, makaniki ya san sandar gefen nan ce ko boris ɗinta, bai cire ko ƙusa ɗaya ba. Mutumin da bai iya rubuta sunansa ba ya riƙe zanen cikin akwatin a ka, ya san hanyar da ƙarfi ke bi a kowace giya, ya kuma fitar da hukunci daga abin da ya ji da abin da bai ji ba. In wannan ba tunani ba ne, ban san me muke koyarwa a aji ba.

Haka batun ƙin shiga giya. In giya ɗaya ce kaɗai ke kartar haƙora, yawanci ta biyu don ita ta fi wahala, to zoben da ke daidaita gudunta ne ya cinye, sinkoro. In duka suna karta, har da ribas, bwat ba shi da laifi: ambiriyaji ne ba ya saki sosai, kuma a 504 mai ne ke tura shi, sau da yawa robar famfon ce ta mutu ko iska ta shiga. 404 da 504 na farko kuma sandar giyarsu a jikin sitiyari take, da ƴan sanduna da gaɓoɓi masu yawa kafin a kai ga bwat. Gargadar hanya tana cinye robobin gaɓoɓin nan, giya ta riƙa ɓacewa, direba ya rantse bwat ya mutu. Makaniki na kirki sai ya kwanta ƙasa ya sa giyar da hannu daga jikin bwat. In ta shiga lafiya, gyaran na ƴan dala ne. Allah kaɗai ya san bwat nawa marasa laifi aka farke saboda robar da ba ta kai girman goro ba.

A baya kuma, pon yana da muryarsa. In yana kuka lokacin da aka taka totur, ya yi shiru ko ya sauya murya in an ɗaga ƙafa, haƙoran cikinsa ne, don fuska ɗaya ta haƙori ke aiki wajen ja, ɗayar wajen gangara. In kukan bai damu da totur ba amma yana ƙaruwa in an karkata mota gefe ɗaya, boris ɗin taya ne, kuma na ɓangaren da nauyi ya koma. In ƙwas ake ji sau ɗaya wajen tashi ko sauya giya, wasa ne ya yi yawa a wata gaɓa, sai a ɗaga motar a juya taya da hannu a bi wasan har inda yake. Inda kunne ya kasa rarrabewa, sai a ɗora bakin dogon sukudireba a jikin ƙarfen, a manna ƙotar a kunne, kamar likita da abin awon ƙirji.

Mai ma shaida ne. Ana tarar sa a kwano mai tsabta, a duba a rana, a murza a yatsa, a shinshina. A nan akwai wani abin tarihi da ya keɓanta da Peugeot. Pon ɗin 404 na farko-farko, kamar na 403 da ta gabace ta, ba irin na sauran motoci ba ne: wani dunƙulen ƙarfe mai zare kamar na sukuru ne ke juya faifan tagulla mai haƙora. Yana da shiru, yana da juriya, amma yana da zaɓen mai. Ɗaya daga cikin man da kamfani ya tsara masa daga zurma ake yin sa, zurmar nan da ke fitowa a bakin jujinmu, kuma ba ya haɗuwa da man giya na gama-gari. In aka gauraya su sai man ya lalace, tagulla ta fara cinyewa. Makaniki in ya ga ƙyalƙyali ruwan zinariya a cikin man pon, ya san faifan ne ke tafiya. In ƙyalƙyalin fari ne kuma yana kama maganaɗisu, ƙarfe ne, boris ko haƙori. Tsohon nan da na ambata ya ce da hanci yake gane wane mai ke ciki kafin ya ƙara. Bwat ɗin 504 shi ma yana da nasa tarko: man inji yake sha, lita ɗaya da ɗan ɗori, ba kakkauran man giya ba. Wanda ya cika shi da mai kauri zai sha kokawa da giya a safiyar ɗari.

Me ya sa wannan ilimi ya yi zurfi haka a nan? Tilas ce ta koyar. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Kayan gyara daga Kofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna suka koma shigowa ta ɓarauniyar hanya, da tsada. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ke zuwa daga Faransa kuɗinsa ya ninka. A irin wannan hali ba mai sayen bwat sukutum. Boris ɗaya ake saye, zobe ɗaya, kuma dole ya zama shi ne wanda ya mutu, don ba kuɗin saye na biyu. Ga hanya kuma: in ka bar kwaltar da ta taso daga Gidan Rumji ta bi Maraɗi da Cadawa da Agiye da Gazawa, galibin sauran a lokacin yashi ne da kwazazzabai. Direban da ya kafe ya riƙa wasa da ambiriyaji yana iya ƙone shi a wuni ɗaya. Alamar kuwa ba ta ɓoyuwa: a giya ta huɗu inji na ihu, mota ba ta ƙara gudu, ga wari kamar an ƙona fata.

Abin ya sauya ne da tashar Kwatano ta buɗe mana ƙofar tsofaffin motocin Turai, Toyota ta karɓe tasha. Kaduna ta ci gaba da yin 504 har tsakiyar shekarun 2000, sannan ta daina. Tare da motocin Kwatano sai ga injuna da bwat na hannu, cikakku, ana sauke su a kwantena. Lissafi ya juya: sauya bwat gaba ɗaya ya fi sauƙi da sauri a kan buɗe shi. Ba na zargin kowa, direba da ke da iyali ba zai jira kwana huɗu don a burge shi da gwaninta ba. Amma yaron da ya tashi a garajin da ake cire wannan a ɗora wancan, hannunsa zai ƙware, kunnensa ba zai buɗe ba. Yanzu ga na'urar da ake soka wa mota ta faɗi lambar ciwo. Tana da amfani ƙwarai a kan abin da ya shafi wuta, sai dai ba ta jin kukan boris. Hiace da Hilux ɗin da ke zuwa ƙauyukanmu kuwa tsarinsu bai yi nisa da na Fijo ba, inji a gaba, ja a baya. Tambayoyin nan da na lissafa duk suna aiki a kansu.

A nan ne maganar ta shafe mu. Mun saba, yaron da ya faɗi jarrabawa shi ake kai wa garaji, kamar hukunci. Uba ya kama hannunsa ya ce wa mai garaji ga shi nan, boko ta ƙi shi. Sai yaron ya shekara uku yana wanke ƙarfe da gazuwal yana miƙo sifana, ba wanda ya ce masa ga dalili. Mu kuma a makaranta muna koyar da rabawa da ma'auni kamar ba su da dangi a duniya. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a, CFM, a ƙananan hukumomi, ga kuma makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi tun da daɗewa. Amma tsofaffin da suka san wannan hanya ta bincike ba su da takardar da za ta shigar da su aji, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake da Hausa ba. Kowace shekara ana rage su.

Na gwada abu ɗaya da ƴan CM2, kuma kowane malami zai iya. A pon ɗin 404 mai tagulla, sukurun yana da zare 5, faifan yana da haƙora 21. Ke nan sanda sai ta juya sau 21 kafin taya ta juya sau 5, wato 4,2 ga kowane juyi ɗaya. Da'irar tayar ta kusa mita 2. In inji na juyi 3000 a minti a giya ta huɗu, inda ƙarfi ke wucewa kai tsaye, taya na juyi kusan 714, mota na cin mita 1428 a minti, kusan kilomita 86 a awa. Yaran da ke gyangyaɗi a darasin rabawa su ne suka fara ɗaga hannu, ɗaya ma ya tambaya me zai faru in aka sa mata taya mafi girma. Kanikawa suna yin wannan lissafi a aikace: in za su sayi pon na hannu, sai su sa alli a taya da sanda, su juya su ƙidaya, don kada a sayar musu da wanda haƙoransa ba su dace da motar ba.

Ga iyayen da suka yanke shawarar kai yaro koyon gyaran mota, kafin ku miƙa shi ku zauna a garajin wuni guda ku kalla. In mota ta shigo da ƙara, ku duba ko maigidan yana tambayar direba, ko yana fita gwaji da ita kafin a kawo jak, kuma in zai fita, ko yana ce wa ɗaya daga cikin yaran ya shigo ya zauna a baya, saitin pon, ya faɗi abin da ya ji. Irin waɗannan garajin suna nan har yanzu a Maraɗi da Tasawa, ko da yake ba su ne masu babban allo a bakin hanya ba, sai an tambayi tsofaffin direbobin tasha.